HARAFI ƊAYA TAK: YADDA JIKI KE ƘERA FUROTIN

Yawancinmu mun taɓa ganin yadda ake kunun zaƙi. Bayan an dama gasara ta yi kauri, sai a zuba mata niƙaƙƙen tsiron dawa, a rufe. Kafin gari ya waye ta tsinke, ta yi zaƙi, alhali ba a sa sukari ba. Abin da ya yi wannan aiki wani sinadari ne da ke cikin tsiron, wanda masana kimiyya ke kira inzayim. Shi ne ke farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Akwai irinsa a cikin miyau, shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi za ka ji ɗan zaƙi.

Jikinmu yana da inzayim iri-iri har dubbai, kowane da aikinsa, kamar yadda kowane kwaɗo ke da makullinsa. Kusan dukkansu furotin ne. Haka ma gashi, da farce, da himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. To, yaya jiki ke sanin yadda zai ƙera kowane furotin?

Amsar tana cikin DNA. Wannan wani dogon zare ne da ke naɗe a tsakiyar ƙwayoyin halittar jiki. A shekarar 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila: kamar tsani ne da aka murɗe. Umarnin da ke cikinsa an rubuta shi da haruffa huɗu kawai: A, T, G da C. Rabinsa daga uwa muka gada, rabi daga uba.

DNA kamar babban littafin laburare ne da ba a yarda a fita da shi ba. Saboda haka sai a kwafi shafin da ake bukata a kan wani zare mai suna RNA, a kai shi wurin ƙira da ake kira ribosom. A can ake karanta haruffan uku-uku. Kowane uku yana nuna amino asid guda daga cikin iri 20 da ake da su. Ribosom yana jera su bi da bi kamar mai shirya duwatsun wuya a zare, sa'an nan jerin ya naɗe ya zama furotin.

Me zai faru in harafi ɗaya ya sauya? Mun san amsar a gidajenmu: ciwon sikila. A umarnin himogulobin, inda ya kamata a karanta GAG, sai aka sami GTG. Wannan ya sauya amino asid na shida cikin jerin 146, kamar yadda binciken Vernon Ingram ya nuna a 1957. In oksijin ya yi ƙaranci, jajayen ƙwayoyin jini sai su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwo ya taso. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, amma ta mai sikila ba ta cika wuce kwana 20 ba.

Ashe ba maita ba ce, ba kuma sammu ba, gado ne. Mai AS ba ya fama da ciwon, amma in AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. A 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin da ke gyara DNA na masu sikila, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Don haka, ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe, ku je asibiti a gwada jininku tun kafin maganar aure ta taso. Masu sikila da ke cikinmu kuwa, mu riƙe su da ƙauna, gama ba su ne suka zaɓi harafin ba.