Gyangyaɗin Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Da zarar an bar kwamfuta na 'yan mintoci ba a taɓa ta ba, sai hasken allo ya dushe, can kuma ya ɗauke gaba ɗaya. Babbar manhajar da ke sarrafa ta, Windows ce ko Linux ko macOS, ita ke ƙirga lokaci tun daga taɓawar ƙarshe da aka yi wa madannai. Wa'adi na cika sai ta shiga rage wa sassa wuta, tana farawa da allo, domin yana cikin manyan masu zuƙe batir.

Barcin nan hawa-hawa ne. A shekarar 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, wadda ta jera matakai daga S0, wato tana aiki, zuwa S5, wato a kashe. A matakin S3 kusan komai na mutuwa in ban da RAM, ma'adanar da ke riƙe da aikin da ka bari. A S4 kuwa, ana kwafe aikin zuwa faifai sannan a yanke wuta.

Wayoyin hannu ne suka sauya lissafi. Mutane sun saba da na'urar da ke farkawa nan take, saƙonni kuma sun riga sun iso. Don haka a 2012 Windows 8 ta zo da barci marar nauyi, wanda yanzu ake kira Modern Standby, Linux ma ta samu irin nata a 2013. A nan kwamfuta ba ta fita daga S0, lafawa kawai take yi, kamar mai gadin da ya jingina da bango, kunnensa na ƙofa.

Sai dai sauƙin farkawa shi ne kuma lagonta. Manhaja ɗaya ko linzamin da ya motsa na iya hana ta lafawa, mutum ya buɗe jaka ya tarar da ita da zafi rau, caji ya zube. Ga wanda wutar lantarki ba ta zama a unguwarsu, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Abin takaici, sabbin kwamfutoci da yawa sun daina zuwa da S3 kwata-kwata, ba tare da an tambayi mai saye ba.

Mai Windows na iya rubuta powercfg /a ya ga matakan da tasa ke da su. Tashi zuwa salla ko cin abinci, gyangyaɗin ya wadatar. In tafiya ce mai nisa a mota, a zaɓi Hibernate, wato S4, kafin a rufe marfi.