Ime Udoka da Makarantar Ƙarshen Benci

A watan Afrilun 2022, a zagayen farko na wasannin neman kofin gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, ƙungiyar Boston Celtics ta fitar da Brooklyn Nets da ci 4 ba ko ɗaya. Kocin Nets a lokacin shi ne Steve Nash, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan gasar a 2005 da 2006, kuma aka miƙa masa ƙungiyar a 2020 ba tare da ya taɓa zama mataimakin koci ba. Wanda ya kayar da shi, Ime Udoka, shekara guda kafin nan yana zaune a gefensa ne a matsayin mataimaki. Masu ƙungiyoyi sun daɗe suna ɗauka cewa wanda ya fi iya wasa shi zai fi iya koyar da shi. Tarihin Udoka ya nuna cewa abin da ke gina koci daban ne: shekarun da mutum ya yi yana neman gindin zama da ƙyar, da kuma shekarun da ya yi yana ɗaukar karatu a hannun wanda ya riga shi.

An haifi Udoka a 1977 a birnin Portland na jihar Oregon. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne daga Akwa Ibom, mahaifiyarsa Ba'amurkiya. Da ya gama jami'ar Portland State a 2000, babu ƙungiyar NBA da ta kira sunansa a ranar zaɓen sababbin 'yan wasa. Daga nan ya shiga yawo: ƙananan gasannin Amurka, Sifaniya, Faransa. Los Angeles Lakers ta ɗauke shi a 2004, wasa 4 kacal ya buga aka sallame shi. Sai a kakar 2006 zuwa 2007, yana dab da shekara 30, ya samu wuri a Portland Trail Blazers ta garinsu, inda aka fara wasa 75 da shi. A tsakanin haka ya sa rigar Najeriya, ya ci tagulla a gasar Afirka ta 2005 da ta 2011, ya kuma buga gasar duniya ta 2006 a Japan. A duk zamansa na NBA, kimanin maki 5 yake ci a kowane wasa.

Ɗan wasa irin wannan ba a biyansa don ya zura ƙwallo. Ana riƙe shi ne don ya manne wa gwanin abokan hamayya ya hana shi sakat, ya san inda zai tsaya a kowane tsari, kada ya yi kuskuren da zai sa a tuna cewa akwai wasu goma a waje da ke jiran rigarsa. Tauraro yana iya mantawa da tsarin da koci ya zana, baiwarsa ta rufa masa asiri. Na ƙarshen benci ba shi da wannan gatan, dole ya haddace aikinsa da na sauran huɗun da ke fili. Abin da ya koya da wahala, mataki bayan mataki, shi ne kuma zai iya warware wa wani. Gwanin da hannunsa ke yin abu kafin ya yi tunani yakan rasa yadda zai bayyana shi, har ya riƙa jin haushin yaran da suka kasa. Magic Johnson ya karɓi Lakers a 1994, ya ci wasa 5, ya sha kashi a 11, bai sake komawa aikin ba. Phil Jackson mai kofi 11 da Steve Kerr mai kofi 4 a matsayin koci, dukansu daga benci aka fi saninsu suna shigowa lokacin da suke wasa.

Sai dai zaman benci kaɗai ba ya isa, in ba haka ba da duk wanda aka taɓa sallama ya zama koci. A 2012 Gregg Popovich na San Antonio Spurs, wanda Udoka ya yi wasa a ƙarƙashinsa, ya ɗauke shi mataimaki. Shekara 7 ya yi a nan, har da kakar 2014 da suka ɗauki kofi. Aikin mataimaki ba shi da armashi a idon 'yan kallo: kallon bidiyon abokan karawa har tsakar dare, rubuta rahoto kan hannun da wane ya fi so da kusurwar da wane ba ya iya jifa daga ita, da kai wa manyan 'yan wasa saƙon da ba sa son ji. Kamar yaron gareji ne da ke kwance inji yana ɗaurawa shekara da shekaru kafin maigida ya bar shi da motar baƙo. Bayan Spurs ya ƙara shekara ɗaya a Philadelphia, ɗaya a Brooklyn, kafin Boston ta ba shi ragama a 2021.

Farkon kakar bai yi daɗi ba. A watan Janairun 2022 Celtics ta ci wasa 18, ta faɗi a 21, kuma Udoka yana fitowa gaban 'yan jarida yana cewa yaransa ba su da juriya. Abin da ya juya lamarin tsari ne na tsaron gida. Ya sa 'yan wasansa musayar wanda suke tsaro a duk lokacin da abokin hamayya ya tare wa ɗayansu hanya, don kada a samu gurbi ko na daƙiƙa guda. Sannan ya ɗauke dogonsu Robert Williams daga kan dogon abokan karawa, ya ɗora shi kan wanda ya fi rauni wajen jifa daga nesa. Da haka Williams ya samu sukunin barin mutuminsa ya riƙa shawagi kusa da kwando, yana kaɗe duk ƙwallon da aka kawo. Celtics ta ƙare da nasara 51 da faɗuwa 31, tsaronta ya fi na kowa, Marcus Smart ya zama gwarzon mai tsaro na shekara, suka kai wasan ƙarshe inda Golden State Warriors ta doke su 4 da 2.

Mai ja da wannan magana yana da abin faɗa. Larry Bird tauraro ne na gaske, kuma ya zama gwarzon koci a 1998, ya kai Indiana Pacers wasan ƙarshe a 2000. Haka ne, amma Bird ya jingina sosai da mataimakansa biyu, Rick Carlisle da Dick Harter, kuma bayan shekara 3 ya ajiye aikin. Wani zai ce Popovich kansa da Erik Spoelstra na Miami ba su taɓa buga NBA ba. Wannan ƙarfafa hujjar yake yi, domin Spoelstra daga ɗakin bidiyo ya faro, wato ta ƙofar koyon aiki ya shigo. Ƙorafi mafi nauyi shi ne na Boston. A Satumban 2022 ƙungiyar ta dakatar da Udoka na kaka guda saboda karya dokokinta, kan alaƙa da wata ma'aikaciyarta, laifin da iya tsara wasa ba ya wanke shi, kuma bai koma ba. Mataimakinsa Joe Mazzulla ya gaje shi, ya ɗauki kofi a 2024. Ashe ke nan taurarin ƙungiyar, Jayson Tatum da Jaylen Brown, su ne sirrin, ba koci ba?

Amsar tana Houston. Ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauki Udoka a Afrilun 2023 bayan kakar da ta ci wasa 22 kacal cikin 82. Babu Tatum a can, sai matasa irin su Alperen Şengün da Jalen Green da suka saba da shan kashi. Ƙungiyar ta kawo Dillon Brooks da Fred VanVleet, wanda shi ma ba a zaɓe shi ba a shekararsa, don su kafa ɗabi'ar tsaro. A kakar farko suka ci 41, a ta biyu 52, suka zo na biyu a yankin Yamma. Ƙarin nasara 30 cikin kaka biyu da kusan yara ɗaya ba sa'a ba ce, ko da an cire rabon girman da matasan suka yi da kansu. Inda aka bi shi bashi shi ne kai hari: a 2025 Warriors ta fitar da su a wasa na 7 na zagayen farko, saboda idan wasa ya yi tsauri ba su da wanda za a miƙa wa ƙwallo ya samo maki. Shi ya sa Houston ta ba da Green da Brooks a bazarar 2025 ta karɓo Kevin Durant daga Phoenix.