Ko Kun Sani? Babu Koriyar Tawada a Tutar da Ke Jikin Fosta

Ko kun san cewa koren da ke jikin tutar Nijar a fostocin da ake mannawa a bangon kasuwar Tawa ba da koriyar tawada aka buga shi ba? Yawancin injinan bugu tawada huɗu kacal suke sha: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa, da baƙi. Ma'aikatan maɗaba'a a Nijar suna ce musu CMJN, bisa Faransanci, na Kano da Sakkwato kuma CMYK.

Ku samu madubin ƙara girman abu ku duba fuskar ɗan kokawa a fosta. Ɗige-ɗige ne ƙanana birjik, ido ne yake haɗa su daga nesa. Shuɗi da ruwan ɗorawa su ba da kore, jan da ruwan ɗorawa su ba da ruwan lemon tutar, farin tsakiya kuwa takardar ce tsurarta. An ƙara baƙi ne don haɗa ukun nan ba ya ba da baƙi wuluk, sai wani duhu mai ruwan ƙasa, ga jiƙa takarda.

Allon waya da na kwamfuta kuwa da haske suke aiki: ja, kore da shuɗi. Shi ya sa shuɗin da ke walƙiya a waya yake fitowa a dushe kan katin biki. Kafin a buga kati 500, ku nemi a fitar muku da guda ɗaya ku gani da idonku.