Irin Kankanar Kasuwa: Gwada Kafin Ka Cika Gona

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya zama babbar sana'a a Talatar Mafara da Bakura da Maradun. Irin kankana na gwangwani yana da tsada, shi ya sa manomi kan ce: to, in na sayi kankana mai zaƙi a kasuwa, ba sai in shuka 'ya'yanta ba? Za su tsira. Amma ba lallai su haifi irin wadda ka sha ba.

Me ya sa?

Irin kankana kashi biyu ne. Akwai tsayayyen iri, kamar Sugar Baby da Kaolack, wanda ɗa ke gadon uwarsa. Akwai kuma irin da kamfani ya yi wa aure, mai alamar F1 a jikin gwangwani. Shi wannan, shukar farko ce mai kyau. In ka maimaita 'ya'yansa sai gona ta rarrabu, wata ƙarama, wata lami. A kan tebur ɗin mai kankana kuwa ba ka iya gane wanne ne.

Ga kuma ƙudan zuma. Su ke ɗaukar garin fure daga wannan gona zuwa waccan. In akwai guna kusa, sukan haɗa su aure. Kankanar bana ba za ta nuna ba, sai 'ya'yanta su fito da farin ciki marar zaƙi.

Yadda za ka cire iri

1. Zaɓi kankana nunanniya sosai, marar tabo ko ruɓa, don wasu cututtuka iri suke bi.
2. Cire 'ya'yan ka wanke har santsin ya fita. Zubar da farare da shafaffu da masu tasowa saman ruwa.
3. Shanya a inuwa bisa tabarma kamar kwana 7. Kada ka baza a kan kwano cikin rana. In ka lanƙwasa ƙwaya ta karye, ta bushe.
4. Zuba a kwalba da ɗan busasshen toka, ka toshe, ka ajiye wuri mai sanyi.

Gwaji biyu

Na farko, naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, ka duba bayan mako guda. In 8 sun tsira, irin na da rai. Lokacin hunturu ƙara masa kwanaki, sanyi kan jinkirta tsiro.

Na biyu, ware kunya biyu ko uku nesa da guna. Shuka ƙwaya 2 ko 3 a rami. Cikin wata uku za ka ga 'ya'ya. In sun zo bai ɗaya, girma da launi da zaƙi, ɗebi irin baɗi daga mafi kyau. In sun rarrabu, bar shi.

Sauran gonar, shuka irin da ka san asalinsa. Kada ka zuba kuɗin taki da man injin ban-ruwa kan irin da ba ka gwada ba. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.