Gero da Wake a Gona Ɗaya

A gonakin ƙasar Hausa, tun daga Zariya har Maraɗi da Damagaram, ba kasafai ake shuka hatsi shi kaɗai ba. Da ruwan farko ya sauka, manomi kan bi da sungumi ya shuka gero, ya biyo da dawa. Sai bayan makonni, an yi noman firi, hatsi ya kama ƙasa, sannan a saka wake a tsakanin layukan. Inda gyaɗa ce babbar shuka, ita ake ba kunyoyi, a ratsa ta da layukan hatsi nesa-nesa. Wannan shi ake kira gicci.

Hikimar tana ga lokaci. Gero yakan nuna da wuri, a girbe shi wajen watan Satumba, a kwantar da karansa. Waken da ya daɗe a takure cikin inuwa sai ya sami rana, ya yi yaɗo ya rufe ƙasa, musamman irin kananado mai jinkirin fure. Gaskiya ne wake a cikin hatsi ba ya 'ya'ya kamar wanda aka ware wa fili, amma manomi ba da buhun wake kaɗai yake awo ba. Yana lissafa damman gero, da dawar kaka, da harawar da ake naɗewa a ɗora a kan reshen bishiya ko rufin ɗaki, wadda ke tsada a bazara idan ciyawa ta ƙare. Binciken da David Norman ya yi a ƙauyukan Zariya a shekarun 1960 ya nuna gonar da aka haɗa shuka ta fi ta iri ɗaya riba. Ga kuma kariya: a 1975, da cutar da darɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗar Arewa, mai gicci ya tsira da hatsinsa.

Saiwar wake da gyaɗa tana da ƙulli-ƙulli, inda wasu ƙwayoyin halitta ke tara sinadarin naitirojin daga iska. Amfaninsa ya fi fitowa a daminar gaba, shi ya sa ake cewa wake yana gyara gona. Yana kuma rage ƙuduji, wato wuta-wuta, domin yakan sa irinsa ya tsiro alhali ba hatsin da zai kama, inuwar ganyen kuma ta danne wanda ya fito. Sai dai wake yana da nasa ƙudujin, kuma haɗin ba ya hana tsutsar fure da kwanso ɓarna, feshi ma da wuya yake a cikin dogon kara. Wannan ne ya sa masanan cibiyar binciken noma ta IITA a Kano suka fito da tsarin layi 2 na hatsi, layi 4 na wake, domin wake ya sha rana, mai feshi kuma ya sami hanya.