Dalilin da ya sa wasannin kwamfuta ke tsinkewa bayan an ƙara RAM

A Banex Plaza da ke kan titin Aminu Kano a Wuse 2, inda mazauna Abuja ke zuwa sayen wayoyi da kwamfutoci, ƙara wa kwamfuta RAM aiki ne na 'yan mintoci. A kwance murfi, a soka sabon sanda a gurbinsa, a kunna, adadi ya tashi daga gigabait 8 zuwa 16, mai kaya ya biya ya kama gabansa. Sai an koma gida matsala ke bayyana: ana tsaka da buga EA Sports FC ko Call of Duty wasan ya rufe kansa, ko fuskar kwamfutar ta rikiɗe ta nuna saƙo irin MEMORY_MANAGEMENT, sannan ta sake tashi.

Lamarin ya ƙara nauyi tun ƙarshen shekarar 2025, lokacin da farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, bayan kamfanonin Samsung da SK Hynix da Micron sun karkata ga biyan buƙatar cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. A Disambar 2025 Micron ya sanar da daina sayar wa ɗaiɗaikun jama'a kayansa masu tambarin Crucial. Tsada kuwa takan tura mai saye wajen na hannu, ko ta sa ya haɗa sabon sanda da tsoho.

Me ya sa sai a wasa?

RAM ma'adanar wucin gadi ce da kwamfuta ke zube bayanan da take aiki da su a halin yanzu. Rubuta takarda ko leƙa Facebook ɓangare kaɗan suke taɓawa, don haka sanda mai rauni zai iya yin makonni asirinsa a rufe. Babban wasa kuwa yakan cika ma'adanar, kuma zafin da injin sarrafa hoto ke fitarwa ya ɗumama ta. A nan ne kuskure ɗaya tak ke isa ya kayar da wasan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Inda gizo ke saƙa

Abu na farko shi ne rashin jituwa. Sanduna biyu na iya zama duk DDR4, amma saurinsu da lokutan amsawarsu su bambanta. Kwamfuta takan sauko da su zuwa saurin mafi jinkiri, sai dai ba kullum haɗin ke ɗorewa ba.

Na biyu shi ne tsarin ƙara gudu, wanda Intel ke kira XMP, AMD kuma ta fito da nata mai suna EXPO a 2022. Lambar saurin da ke jikin kwali sau da yawa ba ta samuwa sai an kunna shi, kuma a DDR4 yakan ɗaga ƙarfin lantarki daga bolt 1.2 zuwa 1.35. Ba kowace kwamfuta ke jure hakan ba, musamman idan an cike gurabe huɗu.

Na uku shi ne zama. Sandan da bai shige sosai ba, ko gurbin da ƙurar hunturu ta shiga, na iya kawo tsaiko jifa-jifa. A yawancin kwamfutocin tebur masu gurabe huɗu, sanduna biyu a gurbi na biyu da na huɗu ake sa su. Zafin Maris da Afrilu a Abuja kuma yana ƙara fito da raunin da ke ɓoye.

Matakan gano bakin zaren

Ka'idar ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. A fara da kashe kwamfuta, a zare ta daga wuta, a cire sandunan a mayar har maƙallansu su kama. Sannan a shiga BIOS a kashe XMP ko EXPO. Idan wasa ya daidaita, sandan lafiyarsa ƙalau, gudun ne ya yi masa yawa, kuma sabunta BIOS kan taimaka. Amma kada a fara sabuntawar sai da batirin ajiya, domin ɗaukewar wuta a tsakiyarta na iya kashe babban allon kwamfutar.

Idan matsalar ta ci gaba, sai a gwada kowane sanda shi kaɗai da manhajar MemTest86, wadda ake ɗorawa a filas, ko da Windows Memory Diagnostic da ke cikin Windows. A bar gwajin ya yi zagaye da dama, ko da zai kwana. Kuskure ɗaya ma ya isa shaida. Bayan gyara, ya kamata a sa Steam ya binciki fayilolin wasan, domin RAM mai rauni kan lalata abin da aka sauke ta cikinsa, har da takardun aiki da na makaranta.

Kariyar mai saye tana farawa tun a shago: ya san nau'i da saurin RAM ɗin da ke kwamfutarsa, ya fifita sanduna biyu da suka zo a kwali guda, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar sandan da adadin kwanakin garanti, kuma ya yi gwajin a daren farko. Idan ciniki ya rikice, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, mai hedikwata a Abuja, tana karɓar ƙorafi, kuma rasit ɗin ne hujjar da za a fara dubawa.