Maigida Ko Bawan Gida: Lissafin Wani Mazaunin Runjin Sambo

A cikin kalmomin da Bahaushe ya ɗora wa kaya har suka rankwafa, ban san wadda ta kai "maigida" ba. Da ita mace ke ambaton mijinta, da ita yaron shago ke kiran wanda yake yi wa aiki, da ita ɗan siyasa ke nufin wanda ya tsaya masa ya samu kujera. Ma'anarta ta asali kuwa, wadda kowa ke tsallakewa, ita ce mafi sauƙi, wato mutumin da ya mallaki gida. A kan wannan ma'ana nake son mu ɗan tattauna da mai karatu a yau, domin na lura cewa yawancinmu ma'aikata mun ƙare ƙuruciyarmu muna mafarkin wannan muƙami, ba tare da wani ya zaunar da mu ya karanta mana sharuɗɗansa ba.

Sunan unguwarmu ma kansa abin lura ne. "Runji", wanda Kanawa ke cewa "rinji", a zamanin Daular Usmaniyya ƙauye ne da ake zaunar da bayi domin su yi wa ubangidansu noma. Sambo kuwa suna ne da Fulani ke ba ɗa na biyu. Yau Runjin Sambo unguwa ce ta cikin birnin Sakkwato, mai cike da malaman jami'a da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, kuma an daɗe da rufe babin bauta. Amma duk ranar da na baro tulin takardun ɗalibai a kan tebur na tsaya cikin rana ina gadin mai gyaran famfo, sai in ji kamar sunan bai tsufa ba. Iyakar abin da ya canza shi ne ubangidan namu na yanzu bulo ne da siminti.

Me ke sa malamin jami'a ya jefa kansa cikin gini? Amsar tana cikin dokar ritaya. Tun gyaran da aka yi wa dokar jami'o'i a 2012, farfesa na barin aiki yana da shekara 70, sauran malamai kuwa 65. Ko wanda ya yi sa'ar samun gidan ma'aikata ya san cewa aro aka ba shi, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Duk wanda ya taɓa ganin dattijon da ya koyar shekara talatin ana kwashe littattafansa a buhuna zuwa gidan haya, ko ya ga iyalin abokin aiki da ya rasu suna roƙon a ƙara musu wata uku kafin su tashi, ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan sayen fili.

To, amma da me za a yi ginin? Tun 1992 akwai dokar asusun gidaje ta ƙasa, wadda ta tanadi a riƙa cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin ya samu rancen gina gida. Sai dai a cikin abokan aikina da na san yadda suka yi nasu, mafi yawa da adashi suka yi, da bashin ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, da ɗan abin da ke shigowa daga duba jarrabawa ko koyarwar wucin gadi a wata jami'a. Shi ya sa gidan ma'aikaci ke girma irin girman ɗan Adam. Bana harsashi, baɗi katanga ta kai taga, shekara ta uku a yi linta, daga nan a tsaya ana kallon kwano kamar mai kallon jinjirin wata. Nawa ya ci shekara bakwai kafin mu tare, kuma mun tare ne da ɗaki ɗaya ba silin. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba ba albashi, ya bar kangwaye da yawa a bayan garin nan, wasu har yanzu awaki ke kwana a cikinsu.

Abin da ya fi ɗaure wa Basakkwace kai shi ne siminti. Ga masana'antarsa nan a Kalambaina, tun 1967 take aiki, ga dutsen da ake yin sa da shi a ƙarƙashin ƙasarmu, manyan motoci na fita da shi dare da rana muna gani. Duk da haka, lokacin da buhu ya haura naira 10,000 a faɗin ƙasar nan a farkon 2024, bai ce mana "ku 'yan gida ne" ba. Kakanninmu da suka yi gini da tubali da azara, suka shafe shi da makuba, sun kwana cikin sanyi a tsakiyar bazara. Mu da muka yi boko mun sayi bulo da kwano da tsada, muka gina wa kanmu tanda, sa'an nan muka koma neman kuɗin sayen abin da zai sanyaya ta.

Ranar tarewa mutum ke ɗauka ya huta, alhali ranar ce aka rantsar da shi a matsayin ƙaramar hukuma mai zaman kanta. Shi ne hukumar ruwa, shi ne kamfanin wuta, shi ne ma'aikatar ayyuka, shi ne kuma mai kula da tsaro da kwashe shara. Ɗauki ruwa kawai. Garin nan yana zaune ne a mahaɗar gulbin Sakkwato da gulbin Rima, ga madatsar Goronyo a can sama, amma a layinmu idan famfo ya yi tari da tsakar dare sai an tashi kowa, har baƙo, a jera bokitai. Wanda ya gaji da wannan sai ya koma ga 'yan garuwa, waɗanda farashin jarkarsu ke hawa tare da zafin rana. Wanda ya gaji da su kuma sai ya ci bashi ya haƙa burtsatse, daga nan ya gano cewa burtsatse ba ta ba da ruwa sai da wuta, kuma ranar da injin turo ruwan ya ƙone, gidan da ke da rijiya da guga ya fi nasa daraja. Ga kuma tankin roba da muke ɗorawa a sama: a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan da ke saukowa daga cikinsa da azahar ya isa a fige kaza. Mai son alwala cikin natsuwa sai ya koma ga randar uwargida, wadda ba ta taɓa neman mai gyara ba.

Batun wuta kuwa, a matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi burge ni shi ne tsawon ran kalmar "nepa". An kafa hukumar a 1972, aka sauya mata suna a 2005, aka miƙa rarraba wutar ga kamfanoni masu zaman kansu a Nuwamban 2013, amma ɗan autana da aka haifa bayan duk wannan, idan fanka ta motsa, "An kawo nepa!" yake cewa da ƙarfi, yaran maƙwabta su amsa masa ta bayan katanga. Kalmar ta tashi daga sunan hukuma ta zama sunan wutar kanta. Da can idan ta ɗauke janareto ne madogara. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, sai janareto ya zama kamar dokin sarauta, ana fito da shi ne ranar biki. Yanzu kowa ya ɗaga kai ga hasken rana, wadda Allah Ya hore mana ita ba awo. Sola ni'ima ce, ban musa ba, ita ta ba ni damar duba kundin ɗalibai da dare ba tare da ƙarar inji ba. Sai dai ba a gaya wa mai saye cewa zafin ɗaki na rage wa batir kwana, ko cewa a lokacin hunturu ƙura na lulluɓe farantan har sai an hau an goge. Ga shi ni da tsani ba ma shiri.

Wannan ya kawo mu ga masu sana'a, kuma a nan ne zan ɗan daɗe. Sunayensu kusan duk na aro ne, birkila da kafinta da lebura da mai fenti, shaidar cewa irin wannan gini baƙo ne a wurinmu. Amma yadda suke sarrafa lokaci na gida ne tsantsa. Na shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai cewa "gobe" na nufin ranar da ke bin yau. A bakin kafinta ba haka take ba. Idan ya ce, "Wallahi Dakta, gobe da sahe ina nan tahe," abin da ya tabbatar maka shi ne ya ji kokenka kuma ba ya son ranka ya ɓaci. Idan ya ƙara da "in Allah Ya so", ka san ya miƙa al'amarin ga Wanda ba ka da ikon tuhuma. "Ga ni nan bisa hanya" kuwa na iya nufin yana wani aiki a Arkilla ko Mabera, ko ma bai fito daga gida ba. Ita kanta kalmar "Dakta" haraji ce, domin da zarar an kira ka da ita farashin ƙusa ya tashi, kuma ba a rasa wanda zai kawo maka yaronsa mai zazzaɓi ka duba.

Ba na son a ɗauka ina yi musu kuɗin goro. Wanda ya karɓi aiki uku a rana ɗaya ba don mugunta ya yi ba, ya san cewa cikin masu gidan uku ɗaya ne zai biya shi a kan lokaci, kuma mu masu albashi mun fi kowa iya cewa "sai ƙarshen wata". Gobensu da ƙarshen watanmu 'yan uwan juna ne. Akwai kuma wani tsohon magini da ya yi mini daɓen tsakar gida, wanda bai taɓa riƙe ma'auni ba, da ido kawai ya karkata shi, har yau ko kofi ɗaya na ruwan sama ba ya kwana a wurin. Irinsu na ƙarewa, kuma yaran da ya kamata su gaje su sun hau kabu-kabu.

Abin da ke ciwo a cikin duk wannan shi ne lokaci. Kuɗi ana iya rance, amma safiyar Asabar da na ware domin rubuta maƙala, idan ta tafi wajen neman mai yasar masai, ba ta dawowa. Ana yawan tambaya me ya sa malaman jami'o'inmu ba sa rubuta littattafai kamar takwarorinsu na Ingila ko Jamus. Dalilan suna da yawa, amma ina roƙon masu wannan tambaya su sa a lissafi cewa takwaran nawa bai taɓa fita daga taron sashe don an kira shi cewa taransifomar unguwa ta ƙone kuma kowane gida zai kawo karo-karo ba. Gaskiya kuma ita ce rabin wannan kaya a kan uwargida yake. Ita ke sanin saura jarka nawa, ita ke jin ƙamshin waya idan ta fara ƙonewa, ita ke fara ganin layin gara a jikin ƙyaure, ni kuwa ina can mazaunin jami'a na dindindin, hayin gulbi, ina bayanin karin sauti. Idan na dawo ta tare ni da "Malam, sannu da zuwa," daga yadda ta ja "zuwa" ɗin nake gane ko akwai abin da ya lalace.

Duk da haka ban taɓa jin wanda ya tare a gidansa ya yi sha'awar komawa haya ba, kuma ni ma ba na yi. Daɗin abin ƙanana ne, shi ya sa ba a cika ba da labarinsu ba. Buga ƙusa a bango ba tare da neman izinin kowa ba. Shigowar sabuwar shekara ba tare da faɗuwar gaba ba. Ɗan uwa ya zo daga ƙauye jinya ko neman makaranta, ka ce masa ga ɗaki nan, ba ka kallon fuskar mai haya. Na dasa dogonyaro biyu a garka, wato ƙofar gida a bakin Sakkwatawa, ko da yake Bakano idan ya ji kalmar lambu zai zata. Shekarar farko da kwandon kaji na kare su daga awaki. Yau inuwarsu ta isa tabarma uku, kuma a nan muke zama da maƙwabta tsakanin la'asar da magariba, a nan aka yanke shawarar ɗaukar mai gadi, a nan aka sasanta rikicin kwata tsakanin gidaje biyu ba tare da an je gaban mai unguwa ba.

Sai kuma ruwan farko. Bayan wata uku ana gasuwa, ana kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, wata rana da yamma sai gabas ta haɗe, iska ta taso da jar ƙura, a ruga a kwashe shanya a rufe tagogi. Ɗan haya idan ya ji ruwa a kan kwano barci yake yi. Mai gida kuwa sai ya ɗauki tocila ya bi ɗaki ɗaki yana duban silin, ya leƙa indararo, ya fita ya ga inda ruwan layi ya nufa, domin mutanen garin nan ba su manta ambaliyar Satumban 2010 ba, wadda ta yanke hanyar jami'a. Idan ya gama zagayen bai ga ɗigo ko ɗaya ba, ya dawo ya zauna a bakin baranda, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi, yara na tsalle a cikin ruwan, uwargida ta miƙo kofin shayi. A daminar bara wuri ɗaya ne kawai ya yi yoyo, daidai saman kantar da nake ajiye ƙamusun Bargery, kuma kafinta ya yi alkawarin zuwa ya duba shi kafin ruwan bana.